Shekarar da Ubanku Ya Yi Sarki

Ranar sunan 'yar Usman ina zaune a rakuba, rumfarmu ta tsakar gida, ƙafafuna a miƙe saboda ciwon gwiwa, na ji Su'ad tana ce wa baƙi wai da ba don ni ba, da ubanku ya yi suna har Hartum. Kuka yi dariya, baƙi suka saci kallona suka yi murmushin kunya, ni ma na taya su, domin ranar suna ba ranar tone-tone ba ce. Amma na gaji da wannan magana. Tun kuna ƙanana kuke jinta daga bakin ubanku, kuka haddace ta kamar karatun allo, yanzu har kuna biya wa 'ya'yanku. Habbobarku, kakarku Haja, ta rasu, ubanku ya bi ta, alkawarin da ya ɗaure mini baki ya bi su kabari. To ku natsu ku ji yadda aka yi.

Ubanku, Allah ya jiƙansa, kun fi saninsa da furfura da tari. Ni na san shi dogo sambal, in zai shiga gutiya, ɗakinmu na ciyawa, sai ya ranƙwafa, in ya shiga fili a gidan biki sai samari su ja da baya su bar masa rawar. Ba malalaci ba ne, kada wani ya ce na faɗa. Da damina yana tuƙa tarakta a gonar wani attajiri a Gadambaliya, ya dawo gida baƙi ƙirin da mai da laka. Sai dai hankalinsa irin na tsuntsu ne, reshen da ya fi kaɗawa nan yake sauka. Kuma shi ne autan Haja Kande, wadda ta binne 'ya'ya maza a Mafaza kafin ta same shi, saboda haka tun da ta haife shi kalmar a'a ba ta taɓa fita daga bakinta ta shiga kunnensa ba. Auta take ce masa, yana da gemu da 'ya'ya uku. Albashin tarakta kan ƙare kafin ƙasa ta bushe. Abin da yake riƙe da gidanmu daga shekara zuwa shekara gonar riɗi ce da mahaifinsa ya bari a wajen Fashaga, kuma a waccan shekarar ruwa ya yi kyau, riɗi ya tashi yadda ban taɓa jin ya yi ba.

Ana cikin sa rai sai ga Ustaz Tijjani, wani malamin makaranta ɗan ƙabilarmu da aka turo daga Madani, siriri mai tabarau, wanda in ya fara magana sai shayinsa ya huce. Ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma, ya durƙusa ya gai da Haja, sannan ya kwance jakar bakinsa. Wai za a yi bikin kaka a nadi, wato kulob ɗin gari, kowace ƙabila ta garin Gadarif za ta nuna abinta, shi kuma ya shirya wasan rawa a kan rayuwar Sarki. Kun san a gidanmu ba a kiran sunansa, Sarki kawai ake cewa: wanda ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya bar gadon mulki ya ɗauki hanyar gabas da jama'a a bayansa, aka cim masa a hanya aka kashe shi, sauran suka ci gaba da tafiya har wasunsu suka zama kakanninku. Haja Kande tana 'yar ƙanƙanuwa aka taho da ita a cikin ayarin.

"Ya Haja," in ji Ustaz, "mutanen garin nan gani suke daga bayan jaki muka faɗo. Su ce Takarir, su ce Fallata, kamar ba mu da uba ba mu da gari. Ina so su gani da idonsu cewa muna da sarakuna. Ba magana ko ɗaya a wasan, jiki ne zai ba da labari. Kuma na duba duk unguwa, ban ga mai ƙirar sarki irin ɗanki Babikir ba."

Haja ta dubi ɗanta kamar yau ta fara ganinsa. Ni ina bakin murhu ina juya wainar kisra, na ce:

"Ustaz, yaushe ne bikin?"

"Da kaka, ya uhti, in sha Allah."

"Da kaka ake yankan riɗi."

Ya gyara tabarau ya yi mini murmushin da ake yi wa yaro. "Tarihi ba ya jiran riɗi."

"Riɗi ma ba ya jiran tarihi," na ce. Ustaz ya juya wurin Haja ya ci gaba da zancensa. Ubanku ma bai ji ba, ya riga ya miƙe wuya yana kallon nesa, sarauta ta fara shigarsa tun a kan tabarma.

Abin da na gani a makonnin da suka biyo baya, Allah kaɗai ya san yadda na haɗiye shi. Kullum bayan la'asar ya tafi gwaji a harabar makaranta, ya dawo da sarautar gida. Tafiyarsa ta canza, daga ƙofar gida zuwa rakuba sai ka yi tsammanin ƙaya ce a ƙafarsa. In na kira shi ba ya amsawa da farko, wai Ustaz ya ce sarki ba ya juyowa da sauri. In na tambaye shi abu sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, sai na bar aikina na matso kafin in ji cewa ruwan sha yake so. Ya dinga koyon faɗuwar mutuwa a tsakar gida, kaji suna watsewa, Usman yana ihu yana zaton da gaske ne, har ran nan ya faɗa kan angarib, gadonmu na igiya, ya karya wa gadon ƙafa. Marafan tukwanena suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ashe garkuwa ake yi da su. Na kai ƙara wurin Haja.

"Ƙyale shi, Amna," in ji ta. "Jini ne ya motsa."

Na ƙyale ta, domin surukata ce. Amma ita da bakinta ta sha faɗa mini cewa mahaifinta jakai yake kora a wutsiyar ayari, ita kuma a cikin mangala aka sa ta tare da tulun ruwa. Ban san ta ina jinin sarauta ya biyo ta cikin mangala ba.

Ku 'yan birni ne yanzu, sai na yi muku bayanin riɗi. Dawa tana da haƙuri, in ta nuna za ta tsaya ta jira mai ita. Riɗi ba ya da wannan. Da ganyensa ya yi rawaya ya fara zuba, kwanaki kaɗan ne a hannunka. In ka yanka ka ɗaure ka jingina dami-dami, ka tsira. In ka yi jinkiri sai kwanson ya buɗe baki, ƙwayar ta zube cikin tsagar baƙar ƙasar nan, kuma abin da ya shiga tsagar Fashaga sai tururuwa. Wani direban lori maƙwabcinmu ya dawo daga can ya tsaya a ƙofa ya ce ganye ya zuba, maƙwabtan gonarmu sun sa lauje tun shekaranjiya. Na jira ubanku ya ci abinci, na durƙusa na faɗa masa.

"Bayan wasa," ya ce, da muryar nan ta ƙasa-ƙasa.

"Malam, bayan wasa babu abin yanka."

"Na ba Ustaz kalmata. Mutane sun dogara da ni."

"Mu da ke cikin gidan nan fa, ba mutane ba ne?"

Ya ɗaga hannu a hankali, tafin yana kallon ƙasa, irin yadda aka koya masa sarki yake sallamar fadawa. Ni ya yi wa haka. Ni da nake wanke masa wandon tarakta. Na tashi na shiga ɗaki na fara ɗaure kaya: garin dawa, busasshen kifi, kuɓewa, sukari, ganyen shayi. Da gari ya waye na goya Nafisa, tana nono a lokacin, na bar Su'ad da Usman wurin Haja, na hau lori. Haja ta biyo ni har bakin hanya tana cewa mace ba ta zuwa gona ta tsaya a kan maza, mutane za su ce ɗanta ya mutu. Na ce mata ai kullum yana mutuwa a tsakar gida, mutane sun saba.

Na sauka gidan wata ƙanwar uwata a ƙauyen da ke kusa da gonar. 'Yan ƙodagon kaka, waɗanda ake kira jangu, ba sa jiran kowa. In ba su ga mai gona da tukunya a kan wuta ba sai su wuce gonar gaba, kuma na tarar har sun fara naɗe tabarminsu. Babbansu, wani mai suna Adam, ya dube ni ya dubi goyona ya tambaya ina maigidan. Na ce maigida ya yi sarki, ni aka bari. Suka yi dariya har da riƙe ciki, amma da suka ga hayaƙi ya tashi, suka ji ƙamshin miya, sai suka sauke kaya. Na yi musu tuwo, na yi shayi, in na sauke tukunya in ɗauki lauje in bi layi, Nafisa tana kwance a inuwar dami. Gefen gabas na gonar ya riga ya tafi. Na tsaya a wurin na ga kwanso duk a buɗe, ƙwaya fara tas a cikin tsagar ƙasa, na sa yatsa ban iya kaiwa gare ta ba. A nan na yi kuka, na zagi Ustaz Tijjani da tabaransa, Allah ya yafe mini. Sauran gonar kuwa muka cece ta. Kuma a can na gane wani abu da ban faɗa wa kowa ba: aikin bai fi ƙarfina ba. Na san inda za a fara da inda za a bari, na san wanda yake yanka da wanda yake wasa da lauje. Ubanku in ya zo gona yakan ɓata rabin yini yana hira da jangu yana koyon rawar garinsu.

Ranar da muka jingina damin ƙarshe ita ce ranar wasan. Ban yi niyyar kallo ba. So nake kawai in tsaya inda zai gan ni, da tafin hannuna duk kanta da yanka, in ga ko sarki yana jin kunya. Na hau saman lorin da ya ɗauko gawayi, na iso Gadarif bayan azahar kamar an tono ni. Na shiga gida in yi wanka in ɗaura farin tob ɗina, babban mayafin da na ajiye a ƙasan akwati ina tanadinsa don ranar da Allah zai kira ni Makka. Na buɗe akwati, babu shi. Na tambayi Haja. Ta kau da kai ta ce mu yi sauri kada a rasa wurin zama.

Harabar nadi ta cika maƙil. An jera kujeru a gaba cikin inuwa don manyan gari, ba kowa a kansu, mu mata aka tura mu benci a baya inda rana take dukan ƙeya. Muka zauna muna jira, domin ba a farawa sai manya sun zo. Da suka zo kuma sai jawabi. Wannan ya gode wa wancan, wancan ya gode wa damina, lasifika tana kuka kamar akuyar da aka taka, Nafisa tana taya ta. Wasu ƙabilu suka yi nasu suka sauka. Sai Ustaz Tijjani ya hau ya yi bayani da Larabci mai tsawo har masu ganga suka fara gyangyaɗi. Wani a bayanmu ya ce da ƙarfi, ashe Fallata ma suna da sultan, aka yi dariya. Haja ta juya ta watsa masa kallo, ya haɗiye sauran.

Aka buga ganga, ubanku ya fito. Abu na farko da idona ya sauka a kai rawaninsa ne. Farin tob ɗina ne, an murɗe shi an naɗa, an bar jela tana jan ƙasa a bayansa. Na ji jini ya hau mini kai. Na yunƙura, Haja ta danne mini cinya.

"Zauna, 'yar nan. Ai wankewa ake yi."

Farkon wasan, in gaskiya za a bi, shirme ne. An haɗa kalangu da daluka, gangar mutanen nan, kowanne yana bin hanyarsa. Aka nuna ƙuruciyar Sarki, ƙaton mutum mai gemu yana tsalle da allo wai shi yaro. Aka nuna naɗinsa, fadawa suna zagaye shi da marafan tukwanena, har na gane wanda hannunsa ya karye. Haja kuwa ba ta bar kowa ya ji kiɗa ba. Ba haka Sarki yake zama ba. Ba a tsaya masa ta hagu. Wannan lemar ta yi ƙanƙanta. Na gaji na raɗa mata:

"Haja, kin taɓa ganinsa ne?"

"Na ga ƙurar da ya tayar," ta ce. "Kuma ba haka take ba."

Sai Nasara suka shigo, samarin unguwarmu ne da gajeren wando, an shafe musu fuska da garin alkama, suna tafiya ƙafa a sandare da karan dawa a kafaɗa. Rana ta yi aikinta, gumi ya kwaɓa garin, ya dinga gangarowa yana ɗiga daga haɓa. Jama'a suka kece da dariya, manyan gari har da share hawaye. Na rufe fuskata da mayafin aro. Na ce a raina, don wannan aka bar riɗi ya zube. Don a tara gari a yi mana dariya.

Ban san lokacin da dariyar ta tsaya ba. Daluka ta yi shiru, kalangu kaɗai ya rage, yana magana a hankali. Ubanku ya cire takalmansa ya ajiye a kan kujerar mulki, ya juya mata baya. Duk yangar nan da ya addabe ni da ita a gida ta zube daga jikinsa. Ya fara tafiya, tafiya ce kawai, amma kowane taku kamar ƙasa tana riƙe masa ƙafa ba ta so ya tafi. Ya yi gaba kaɗan sai ya waiwaya yamma, kafaɗunsa su yi rawa, ya sake juyowa gabas. Mutanensa suka biyo shi da ƙunshi a ka, suna yin yadda yake yi, suna raguwa, wannan ya durƙushe, wancan ya kwanta. Shi bai tsaya ba, sai dai duk wanda ya faɗi sai ka ga bayansa ya ƙara ranƙwafawa kamar an ɗora masa gawar. Wani tsoho a gefen maza ya fara salati da ƙarfi. Matan da ke kusa da ni, har da Larabawa, suka ja tob suka rufe baki. Da aka zo wurin kisan, bai yi faɗuwar nan da ya karya mini angarib da ita ba. Ya durƙusa kamar mai shirin sujada, ya daɗe a haka yana kallon gabas, sannan ya kife. Wurin ya yi tsit, har kukan Nafisa ya ɗauke. Ni da na zo da fushi cike da ciki na tarar fuskata a jiƙe, kuma wannan ya ƙara ba ni haushi. Na juya in ga Haja. Ba ta kuka, ba ta gyara kowa. Bakinta yana motsi, hannunta ya kama wuyan hannuna har sai da ya bar shaida.

Kafin magariba labari ya riga mu isa gida. Wani babba daga cikin masu kujerar gaba ya ce a kai wasan Madani, daga nan Hartum, kuma akwai ƙungiyar rawa ta gwamnati da za ta ɗauki ubanku aiki. Gida ya cika da 'yan barka. Ustaz yana ta rungumar mutane. Ba wanda ya tambaye ni riɗi, shi ma bai tambaya ba. Ya miƙo mini tob ɗina a dunƙule, da ƙasa da gumi da garin alkama, ya ce, "Kin gani?" da fuska irin ta yaron da ya kawo tsuntsu gida.

Yanzu ku buɗe kunne, domin nan ne kuke da kuskure. Ni na so ya tafi. Na auna abin sarai: mutumin nan a gona rabin mutum ne, a fili kuwa na ga abin da Allah ya yi shi dominsa. Gona na iya da ita. Ya je ya yi rawarsa, ya dinga zuwa mana da hutu, kowa ya huta. Da wannan shawarar na tashi da safe, ina soya bunnin jabana, gahawarmu ta safe, shi ya tafi masallaci bai dawo ba, sai Haja ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"Amna, ba zai tafi ba."

"Haja, ai alheri ne ya same shi."

"Ubana ya ba ni labarin ranar nan har ya mutu, ban taɓa ganinta ba sai jiya. Kuma da fuskar ɗana na gan ta. Na binne 'yan'uwansa da hannuna. Ba zan zauna a nan ina sane da cewa yana can yana mutuwa kowane mako mutane suna tafi ba. Wanda yake kiran abu kullum, wata rana zai amsa masa."

"To ki faɗa masa. Ke ce uwarsa."

Ta dubi ƙasa. "Bakina ba zai iya ba. Ban taɓa ba. Ke za ki faɗa, ke da kin iya faɗa. Kuma ki rantse mini ba zai ji daga ni ta fito ba, ina raye ko ina mace."

Wallahi na ji kamar in kifar da kaskon. Ta shagwaɓa shi tun yana zanin goyo, ta ba shi tob ɗina, ta ce jini ne ya motsa, yanzu da abin ya girma ya fi ƙarfinta sai ni zan zama mugun. Na faɗa mata haka, ban rage ba, karo na farko da na ɗaga mata murya. Ba ta musa ba. Sai kawai ta zame daga kujera za ta durƙusa mini, tsohuwa mai jikoki, gwiwoyinta suna ƙara. Na tare ta kafin ta kai ƙasa. Wa zai bari uwar mijinsa ta durƙusa masa? Na rantse.

Da ya dawo, Ustaz yana biye da shi, na tsaya a tsakar gida na ce in ya hau jirgin Madani to ya fara kai ni gidan ubana da 'ya'yana. Na kawo zancen riɗin da ya zube, na nuna masa hannuwana. Abin da ya sa aka yarda da ni shi ne duk abin da na faɗa gaskiya ne, fushin ma na gaske ne, wurin da na nufa da shi ne kawai ba nawa ba. Ya juya wurin uwarsa.

"Inna, kina ji?"

"Tsakaninka da iyalinka ne, Auta," in ji ta, tana jan carbi, kamar ba ita ba.

Bai tafi ba. Ustaz ya sami wani dogo a Madani, aka ce wasan bai yi armashi ba, daga baya ya mutu murus. Ubanku ya daina cin abincina har aka kakkaɓe riɗi aka kai kasuwa, a ɗakin uwarsa yake ci, ita kuma tana zuba masa daga tukunyar da na dafa. Unguwa ta sa mini suna, mata suna nuna ni a gidan biki, ga wadda ta sauke sarki. Gona ta dawo hannuna, bai ƙara taka ta ba, kuma da ita aka yi karatunku duka. Bai ƙara rawa ba, ko a bikin Su'ad. In aka buga kalangu sai ya tashi ya shiga ɗaki, ya bar ni da idanun mutane. Ba ya zagi, ba ya duka. Ajiyar zuciya ce makaminsa. In rediyo ta ambaci masu rawa na Hartum sai ya sauke ta mai nauyi ya ce muku, "Uwarku ce ta hana." Ni kuma in ci gaba da tankaɗe. Haja ta rayu ta tsufa tukuf a hannuna, kullum tana sa mini albarka a ɓoye, a fili kuwa in ya yi ajiyar zuciyar sai ta taya shi.

A ciwonsa na ƙarshe, kuna can kowa da aikinsa, wata ranar da hantsi na jingina shi da filo a rakuba ina ba shi kunu da cokali. Ya rame har ƙashin kafaɗar nan ya fito. Wasu yara suka wuce ta bayan danga suna buga gwangwani, na ga yatsun ƙafarsa suna bin kiɗan a ƙarƙashin mayafi. Ya sauke ajiyar zuciyar tasa. Na ce a raina, ga ta nan kuma. Sai ya ce:

"Amna, na san Inna ce."

Cokali ya tsaya a hannuna.

"Ran nan ban daɗe a masallaci ba. Ina bayan danga, na ji ku."

"Ka ji mu," na ce. "Ka ji, ka bar ni shekara da shekaru ina yawo da sunan muguwa? Ka cusa wa 'ya'yana?"

"To ya zan yi?" ya ce, da idanun nan nasa na auta. "Abin ya yi mini ciwo, dole in yi fushi da wani. Mutum kuma ba ya fushi da uwarsa. Ke na san za ki iya ɗauka."

Na ajiye kwanon na fita. Na tsaya a tsakar gida, na rasa wanda zan fara da shi, shi ko uwarsa da ke kabari ko Ustaz Tijjani ko Nasaran da suka tayar da mutane daga garinsu tun farko. Na faɗi maganganun da tsohuwa mai zuwa Makka bai kamata ta faɗa ba, akuyar maƙwabta tana kallona. Daga rakuba na ji yana tari, yana kiran sunana ƙasa-ƙasa, wannan karon ba don sarauta ba, ƙarfin ke nan.

Na koma na zauna na ɗauki kwanon. Kunun ya huce har ya yi fata a sama. Ya leƙa ya ce ko zan ɗan ɗumama masa.

"Buɗe bakinka, ranka ya daɗe," na ce. "Haka za ka sha shi."